Kusoshi Huɗu Da Na Manta A Cikin Gwangwani

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. A shekarun da zan ba da labarinsu ni makaniki ne a Garwa, ina da ɗan gareji na kwano a bayan kasuwa, shekaruna talatin da 'yan kai. Gidanmu gidan fatake ne, 'yan'uwana duk suna kanti, ni kaɗai na zaɓi baƙin mai. Hannuna kuwa ya yi kyau, musamman a kan tsofaffin motocin Faransa. Lokacin darajar kuɗin sefa ta faɗi, kayan gyara sun yi tsada, kowa ya koma lallaɓa tsohuwar motarsa, sai sunana ya fita. Abin ya shiga kaina, har na daina sake duba aikin da na gama, don a ganina hannuna ba ya kuskure.

Cikin masu kawo mini aiki akwai wani dattijo, Kirista, mutumin duwatsun wajen Mokolo, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin jinya a Garwa. Ni Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana, da Hausarsa mai gauraye da Fulatanci. Yana da wata tsohuwar mota ruwan toka da ya saya wurin wani Bature tun ban fara riƙe sifana ba. Kujerunta na asali ne, ko ƙwarzane babu a jikinta, shi yake wanke ta da hannunsa. Matarsa, wadda nake kira Mama, mace ce mai fara'a da saurin tafiya, in ta biyo shi gareji ba ta zuwa hannu wofi, ko gyaɗa ce sai ta ƙullo mini.

Da ya yi ritaya sai ya yanke shawarar komawa ƙauyensu. Ya ce mini hanyar tana ratsa mayo biyu, wato kogunan nan da ke bushewa da rani su bar yashi zalla, kuma siraran tayoyin motarsa nutsewa za su yi. Ya riga ya samo manyan tayoyi huɗu masu faɗi tare da ƙarafansu, daga wata a-kori-kura da aka kwance. Da na gwada sai na ga suna gogar shokazoba ta ciki. Na ce masa ya bar motar yadda aka ƙera ta. Ya ce gareji biyu sun riga sun ce masa ba zai yiwu ba, shi ya sa ya zo wurina. Wannan maganar ce ta kama ni. Na sa mai injin feƙe ƙarfe ya yanko mini faifai huɗu masu kaurin yatsa, waɗanda za su turo tayoyin waje kaɗan. To amma in an sa faifan, kusoshin da ke riƙe taya sai su gajarce, noti ya kama zare uku ko huɗu kawai. Na san haka sarai, shi ya sa na sayo dogayen kusoshi goma sha shida, huɗu ga kowace taya.

Ranar wata Juma'a na gama taya uku yadda ya kamata. Ta huɗun, ta gaba ta dama, na ɗaura ta ne da gajerun kusoshin nan na ɗan lokaci, don in juya sitiyari in ga ko za ta taɓa madigadi. Dogayen huɗun na jefa su cikin gwangwanin kalanzir su jiƙa. Ana haka aka yi kiran salla, na wanke hannu na tafi. Da na dawo na tarar da Baba da Mama sun zo, maƙwabtana makanikai sun zagaye motar suna yaba yadda ta tsaya kamar sabuwa, wani yana cewa duk Garwa ba mai iya wannan sai ni. Ina ta murmushi na sauke jak, na bi notinan da sifana, na ji duk sun ɗauru. Baba ya zagaya unguwa ya dawo yana dariya. Ya ce gobe da sassafe za su kama hanya da kayansu duka. Mama ta sa mini albarka, suka tafi.

Washegari wajen ƙarfe takwas na buɗe gareji. Na ɗauki gwangwanin nan zan wanke wani abu, na ji ƙarfe yana kaɗawa a ciki. Na zuba a tafin hannuna. Kusoshi huɗu dogaye. Na daɗe a tsaye ina kallonsu, ina ƙoƙarin tuna ko goma sha shida na sayo ko ashirin, alhali na san amsar.

Na ari babur ɗin maƙwabcina na nufi gidansu. Ƙofa a kulle, wata maƙwabciya ta ce tun gari bai gama wayewa ba suka tafi, an ɗaure katifu da buhuna a saman motar. A lokacin ba wayar hannu, kuma ba wanda zan kira a kan hanya. Na cusa kusoshin a aljihu na kama hanyar arewa, ina gaya wa kaina cewa Baba ba mai gudu ba ne, zan cim masa.

Bayan na wuce garin Pitowa na iske shingen jandarmomi. Suka nemi katin shaidata da takardun babur, ni kuwa na fito ba ko ɗaya. Suka ce in sauka. Na yi musu bayani da guntun Faransancina, na koma Fulatanci, na fito da kusoshin na nuna musu. Babbansu ya ce lalle wata tsohuwar mota mai manyan tayoyi ta wuce da daɗewa, amma shi ba zai saki mutum ba takarda a kan babur ɗin da ba nasa ba. Ban ga laifinsa ba, aikinsa yake yi. Aka zaunar da ni gindin wata bishiya, na aika wani direba mai shiga Garwa ya gaya wa mai babur ya kawo takardun. Duk motar da ta tsaya mai zuwa arewa sai in tashi in roƙi direban, in ya ga mota ruwan toka da kaya a sama ya ce wa dattijon ya tsaya, kada ya ƙara ko taku ɗaya. Wasu suka ce to, wasu suka dube ni kamar mai taɓin hankali. Sama da awa biyu na yi a wurin kafin a kawo takardun a sake ni. Ban taɓa jin rashin amfanina irin na ranar ba. Ina da abin da zai hana masifar a aljihuna, ina zaune a kan dutse ina kallon kwalta.

Rana ta take sosai lokacin da na iske motar, gaba da garin Figil, a wata gangara. Tana kwance a gefenta cikin kwari, katifu da tukwane a warwatse, tayar gaba ta dama kuma can cikin gonar auduga ita kaɗai. Mutanen wurin suka ce wata motar kaya ta kwashi mutum biyun zuwa asibitin garin da ke kusa, namijin yana tafiya da ƙafarsa, macen kuwa ɗaukarta aka yi.

Na samu Baba zaune a barandar asibiti da bandeji a goshi. Tun a hanya na shirya abin da zan faɗa. Amma yana ganina ya miƙe ya rungume ni, ya ce, "Ɗana, har ka ji labari ka biyo mu? Allah ya yi maka albarka." Sannan ya ce shi ne ya jawo, akwai wani rami da bai gani ba, idonsa ya fara rauni amma ya ƙi yarda a ba wani tuƙin. Ya ce bayan Mama ya taɓu, ba ta jin ƙafafunta. Hannuna yana cikin aljihu yana riƙe da kusoshin. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, Allah ya ba ta lafiya.

Abin da na yi bayan wannan shi ya fi ci mini rai. Baba ya roƙe ni in jawo motar zuwa garejina. Na jawo ta, na rufe ƙofa, na cire gajerun kusoshin da zarensu ya zagwanye, na jefa su a kogin Binuwai. Ba wanda ya taɓa tambayata.

Mama ba ta sake takawa ba. Shekara tara ta yi a kwance a ƙauyen kafin ta rasu, Baba ne ke juya ta, shi ke yi mata wanka. Kusan duk shekara nakan je da shinkafa da sabulu, su karɓe ni kamar ɗan cikinsu, tana gaya wa baƙi cewa ni ne Bahaushen da ya biyo su a kan babur ranar hatsari. Kowane zuwa da niyyar faɗa nake tafiya, in dawo ban faɗa ba. Wani lokaci in ce bari ta ɗan ji sauƙi, wani lokaci in ce faɗar ba za ta tashe ta ba. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji su daina kallona da idon nan.

Shekara huɗu bayan rasuwarta na ji Baba ya tsufa ƙwarai, na ce yau ko mene ne zai faru sai na faɗa. Na same shi a kan tabarma a ƙofar ɗaki, babbar 'yarsa tana tsince gero a gefe. Na durƙusa na ba shi labarin tun daga Juma'ar nan, ban rage komai ba. Yana ta gyaɗa kai. Da na gama sai ya dube ni ya tambaye ni ɗan wane gida ne ni, sannan ya ce wa 'yarsa ta kawo wa baƙo ruwa. Hankalinsa ya riga ya tafi, ban sani ba. 'Yar ta kawo ruwan ta ajiye a gabana, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Shekara tara yana neman gafarar Mama kullum, yana cewa shi ya karya ta. Lokacin ya kamata ka zo da wannan maganar." Ta koma kan geronta. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Bayan wata biyar Baba ya rasu.

Yanzu na tsufa, idona ma ba ya ganin zaren noti. Na daɗe ina zaton mantuwar nan ce babban laifina. Mantuwa kowa na yi, kuma da na faɗa a barandar asibitin nan, iyakaci su tsane ni, amma da mutumin kirki bai ƙare rayuwarsa yana ɗauke da laifin da ba nasa ba. 'Yan'uwana masu gyaran mota, in za ku canza wa mota abin da aka ƙera ta da shi, ku ƙirga abin da kuka sayo, ku ƙirga abin da ya rage a kan tebur kafin ku miƙa makulli, kada yabon mutane ya sa ku sauke jak. Wanda kuma ya cuci wani bisa kuskure, ya je ya faɗa masa yau, tun yana iya gane wanda ke magana da shi.