Manhajar da na haɗa ta ƙi karɓar Inna

Wallahi har yanzu jikina a sanyaye yake.

Jiya ina Talata Mafara, Malama Rabi ta kira ni daga Damri. Ita ke yi wa mata manoman gyaɗa rajistar rabon iri da manhajar da na haɗa wa ƙungiyarsu.

"Injiniya, abin nan naka ya ƙi karɓar tsofaffi. Har da Innarka."

Na buɗe kwamfuta. Akwai wani kayan aiki da muke amfani da shi: ka jera masa bayanan da kake so a fayil, shi kuma ya mayar da su dokokin tantance fom. Ashe a gurbin "sunan babban ɗa", wanda za a nema idan ba a samu mace ba, ban nuna ana iya tsallakewa ba. Shi ko ya mayar da shi dole.

Na ce a ba Inna waya. "Inna, suna ne kawai, ki faɗa mana."

Ta ce, "Kai! Tun da na haife ka bakina bai taɓa kama sunan nan ba, sai yau saboda gyaɗa? Su riƙe irinsu."

Gyaran bai kai minti biyu ba, amma mata da yawa sun riga sun koma gida hannu rabbana.

Ni ne ɗan farin nan, a cikin wannan alkunyar na tashi, kuma ni na manta da ita. Jama'a, ku iyayenku mata na kiran sunanku?