Garin da Sanda Ya Raɗa wa Suna

Sanda kawuna ne, mai jan sarƙar awo a ofishin safiyo na Ƙaura Namoda. Mutum ne mai girman kai, gara ya ɓata hanya da ya ce bai gane ba.

Shekara biyu bayan 'yancin kai aka tura shi da maigidansa, Mista Wilfred, su zana taswirar hanyoyin da gyaɗa ke bi zuwa tashar jirgin Ƙaura. Bayan garin Dauran suka tarar da rijiya da tsamiya, da wata tsohuwar Bafulatana zaune a gindinta.

"Inna, mi as sunan wurin ga?" in ji Sanda.

Ta ce, "Mi anndaa."

Sanda ba ya jin Fulatanci, amma ya juya ya ce wa Wilfred, "Rubuta Miyanda."

Haka Miyanda ta hau taswira, da ɗigo irin na gari. Gari kuwa dole ya samu mai shi. Wani babba ya naɗa surukinsa dagacin garin, aka kewaye rijiyar da waya, makiyaya suka kora shanunsu suka yi gaba. Ba a taɓa gina ko bukka ba a wurin, amma duk zaɓe akwatin Miyanda cike yake dawowa.

Sai bayan shekara goma wani makiyayi, Mudi, ya gaya masa ma'anar maganar: "ban sani ba." Abin ya ci Sanda ƙwarai. Ya bi ofis-ofis yana rantsuwa babu garin, a mayar wa mutane rijiyarsu. Ko'ina sai a shimfiɗa masa taswira a ce, "Ga shi a takarda, Baba." Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara, ya ji za a sake taswira, ya ce in raka shi ya kawo shaida. Da azahar muka isa. Rijiya ta ƙafe, ko kukan tsuntsu babu. Na rantse ban ga kowa ba, amma Sanda ya durƙusa gindin tsamiya yana gaisuwa.

"Tsohuwar nan ce," ya ce mini a hankali. "Tana tambayata wa an ni."

Ya buɗe baki ya amsa mata.

Shekara uku ya ƙara a duniya. Duk wanda ya tambaye shi sunansa, ko da Hausa ne, amsar nan ɗaya yake bayarwa, da Fulatanci.