Rijiyar Kaka a Teburin Harlem

Kakata Iya Gambo ba ta fara tatsuniya sai an amsa mata. Bayan tuwon dare mukan kewaye murhu, ta tura itace da ƙafa, ta ce ga ta nan tafe, sannan ta yi gum. In muka yi shiru sai ta ce, "To, ta koma. Baƙuwa ba ta shiga gidan da ba a amsa sallama."

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta yarinyar da gugan uwarta ya faɗa rijiya. Ta sauka ɗauko shi, ta tarar da gari guda a ƙasa, har da kasuwa. An gargaɗe ta kada ta ci abincinsu, amma yunwa ta sa ta ci. Da uwar ta leƙo tana kiranta, tana ji sarai, harshenta kuwa ya ƙi amsawa. Mukan roƙi Iya ta fito da ita. Ko kusa! "Wanda ya ci, ya ci," in ji ta.

Tun ina ɗalibi a New York na kamu da wasan nan na tebur, inda mutum ɗaya ke jan labarin jarumai da dodanni, sauran suna jefa ƙwaya irin ta ludo. Tsofaffin dokokinsa halinsu ɗaya da Iya: jaruminka ya mutu, shi ke nan. Sababbin kuwa, kai, lallashi zalla.

Bara na ɗauko wani tsohon labarin wasan zan ja wa 'yata Safiya da ƙawayenta a falonmu na Harlem. Sun ce sai dai da sababbin dokoki. Na yarda, na cusa rijiyar Iya a ciki, don ni kaɗai na rage da ita a kai.

Na buɗe da Hausa yadda Iya take yi, na jira. Safiya ta gane, na gani a idonta. Da Turanci ta ce in ci gaba.

Jarumarta ta sauka, ta ci tuwon, Safiya ta jefa ƙwaya, dokar ta ce ta tsira. Suka yi ta tafi. Wallahi raina ya ɓaci, na rasa da wa zan yi fushi.

Da ina zaton ja mana kunne Iya take yi a kan kwaɗayi. Yanzu na san ni na sauko da Safiya rijiyar, ni na ɗora mata tukunya. Ranar da muke kwashe kayan wasan na sake cewa ga ta nan tafe, a hankali. Safiya ta buɗe baki, ta laluba amsar, ta rufe.

Ta koma, Iya.