Ɗiyar da Aka Kawo Mini Yaye

Ina da shekara uku a ɗakin miji a Gangara, Allah bai ba ni haihuwa ba tukuna, sai yayana ya zo daga Tarka a kan raƙumi, rungume da ɗiyarsa da aka cire daga nono. Wajen shekara goma ke nan bayan babbar yunwa, rumbuna sun sake cika. Ya sauke ta a gabana ya ce, "Ga ɗiyarki nan, ki yaye mana ita."

Kwana bakwai yarinyar nan ba ta yi barcin kirki ba, ni ma haka. Don tausayi, wuni nake yi goye da ita, ba na barin ƙafarta ta taɓa ƙasa. Sai ta yi ta gyangyaɗi a bayana, rana na faɗuwa kuma ido ya bushe, ta shiga kiran uwarta.

Uwar mijina, wadda nake kira Inna, ta same ni ina daka da goyo.

"Sauke ta," in ji ta.

"Inna, kuka za ta yi."

"To, ta yi mana. Yaron da bai gaji ba, da me zai yi barci? Kin mai da bayanki shimfiɗa."

Daga ranar muka sake tsari. Da safe ta sha kunu, in ɗora mata ƴar ƙwarya a ka, mu tafi rijiya da ƙafa. Tafiyar ba ta ƙarewa, don kowace ƙwaro sai ta tsuguna ta duba. In mun dawo, in sake mata ƴan awaki ta yi ta kora. Akwai tudun rairayi bayan gidanmu, ta hau da rarrafe, ta gangaro tana ƙyalƙyala dariya, ni ina bin ta a guje. Matan unguwa suka yi ta yi mini tsiya, wai matar aure ta koma yarinta. Ban damu ba.

Bayan azahar takan ɗan kwanta a gindin aduwa, amma kafin la'asar Inna ta tashe ta, ko da za ta yi rigima. Gab da magariba in yi mata wanka da ruwan ɗumi, in shafe ta da man shanu, ta ci tuwon hatsi da nono. Sannan tabarmarta, kullum wuri ɗaya, ina bubbuga bayanta ina yi mata wata waƙar akuya da na ƙaga da kaina.

Ba a rana ɗaya abin ya gyaru ba. Amma wata maraice barci ya kwashe ta da lomar tuwo a hannu, ba ta motsa ba sai kiran asuba. Ni ce ma na kasa runtsawa, ina ta taɓa ƙirjinta.

Damina biyu ta yi a wurina, uwarta ta aiko a mai da ita. Na haifi nawa huɗu daga baya, duk na raine su haka, amma har yau in na ji dariyar yarinya daga nesa sai gabana ya faɗi.

Sau ɗaya na sake ganinta, tana da aure, ita da mijinta sun biyo ta garinmu za su arewa. Ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ina wuni?" Na tambaye ta ko ta tuna zamanta a nan, ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta ce an dai ba ta labari. Na so ta kwana ko ɗaya ne, amma mijinta na jira a ƙofar gida.