Gaisuwar da Na Yi a Gonar Rogo

Na manta abubuwa da yawa na zaman soja. Na manta lambar bindigata, na manta sunayen garuruwan da muka ratsa, har fuskar hafsan da ya fi gasa mana aya a hannu ta fara gogewa a kaina. Amma akwai safiya ɗaya da ko ina kan gargara ba na jin za ta sake ni, wato safiyar da na gai da wani tsoho a gonarsa, gaisuwar ta jawo mutuwar abokina. Na daɗe da maganar a cikina, kuma abin da ya fi ci mini rai a lokacin shi ne ko zan iya kallon idon mahaifinsa in gaya masa gaskiya.

Ni mutumin wani ƙauye ne a gefen Ɗanbatta. Mu bakwai ne maza a wurin mahaifinmu, gona kuwa ɗaya, ga shekarun sun yi tsauri, taki ya gagari talaka. Shi ya sa na shiga soja, ba wani kishin ƙasa ba, kada in yi muku ƙarya. Sojan ƙasa aka yi ni, irin waɗanda ƙafarsu ce motarsu. Ban daɗe da gama horo ba aka loda mu a jirgin ruwa zuwa wata ƙasa ta bakin teku, wai mu je mu raba mutanen da ke kashe junansu. Ba mu san abin da ya haɗa su ba. Kafin mu ankara, masu rabon faɗa sun zama su ma abokan faɗa, kowane ɓangare harbinmu yake yi.

Wanda ya tashi a ƙasarmu ba zai gane kaɗaicin wannan daji ba. A nan, in ka tsaya a gonarka kana hango rumbunan ƙauyen gaba, kana jin dakan matan unguwa uku, ba za ka yi tafiyar minti biyar ba ka haɗu da wanda ya san kakanka. Can kuwa sama ma ba ka gani, ganye ya rufe ta. Ruwa kullum, kaki ba ya bushewa, ƙafa ta yi fari ta saɓule a cikin takalmi. Shinkafa da safe, shinkafa da yamma, har na tsani ganin farin abu a kwano. Ƙauyukan duk an watse, sai ka shiga gari ka tarar da tukunya a kan murhu, ciyawa ta tsiro a cikinta.

Mutum ɗaya ne ya sa ban zare ba. Ɗan wajen Bagwai ne, sa'ana, dogo mai ƙaramar murya. Ranar da na fara jin Hausarsa a cikin jirgi na ce masa daga ina, ya faɗa, na ce ashe maƙwabci ne. Tun daga nan tabarmarmu ɗaya, salla tare, gadi tare. Yana da wani ƙullin yaji da mahaifiyarsa ta daka masa, yana ba ni da ɗan yatsa kamar mai rabon magani, in na nemi ƙari ya ce mutanen Ɗanbatta ba su san ya isa ba. Ni kuma in ce masa ai Bagwai ba gari ba ne, wurin tsayawar mota ne. Duk inda muka sauka sai ya tsuguna ya damƙi ƙasa ya murza, ya ce wannan gyaɗa ruɓewa za ta yi a cikinta, gero kuwa ko tsira ba zai yi ba. Manomi ne aka sa wa kaki, kamar dai ni.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Da hantsi aka fitar da mu sintiri, mu goma sha wani abu, domin an ce 'yan tawaye na yawo kusa da hanyar da motocin abincinmu ke bi. Dokar sintiri ɗaya ce, kuma na san ta kamar yunwar cikina: layi ɗaya, tazara tsakanin mutum da mutum, ba magana, ba tari, komai da hannu ake nunawa. Sajanmu, wani mutumin Kudu da ba ya jin Hausa, yana tsakiya. Ni ne na biyu a gaba, abokina yana bayana.

Mun yi wajen awa biyu muna kutsa daji, sai haske ya buɗe a gabanmu. Gonar rogo ce, an share ta tsaf, kunyoyi a jere. Rabona da ganin gonar da ake aiki a cikinta an fi wata takwas. A tsakiyarta ga wani tsoho ya duƙa yana cire ciyawa, ba riga, ƙashin bayansa duk a waje, ya ɗaure ƙugu da tsumma. Wallahi duƙawar irin ta mahaifina ce sak, har yadda yake dafa gwiwa da hannun hagu.

Ku da kuka san garinmu kun san ba a wuce mutum a gona ba gaisuwa. Ko kana gaba da shi ne, ko gudu kake yi za ka kira ungozoma, sai ka ɗaga murya ka ce sannu da aiki. Yaron da ya wuce babba shiru, kafin ya kai gida labari ya riga shi, kuma ranar zai sha bulala. Da wannan aka raine ni. Horon soja na wata shida ne, wannan kuwa na shekara ashirin. Ban yi shawara da kaina ba, sai kawai na ji bakina ya buɗe, da irin muryar da ake gaisawa daga gona zuwa gona.

"Sannu da aiki, Baba."

Tsohon ya miƙe a hankali, ya dafa ƙugu, ya juyo. Ba ya jin abin da na ce, amma ya gane gaisuwa ce, domin ya ɗaga mini hannu. Hannun bai sauka ba wuta ta buɗe.

Ashe a ɗaya gefen gonar akwai wata bukkar ganyen kwakwa, 'yan tawayen suna hutawa a ciki. Ba su gan mu ba, kuma da na yi shiru da mun zagaye su ko mun wuce abinmu. Ni da ake cewa in faɗi ƙasa, tsaye na yi kamar an dasa ni. Abokina ne ya damƙo ɗamarata ta baya ya fizgo ni, na kife da fuska a cikin taɓo. Ganyen rogo na zubo mana kamar ana kaɗe bishiya, harsashi na tsaga reshe a saman kaina, saje na ihu, kunnena na ƙara. Na yi ta harbi ban ga wanda nake harbi ba. Masu ba da labarin yaƙi a teburin mai shayi suna cewa jarumta, ni dai abin da na sani shi ne bakina cike da ƙasa, ina karanta duk addu'ar da ta zo mini, har da ta shiga kasuwa. Wani daga cikinmu ya jefa gurneti a bukkar, harbin ya yi sauƙi, sannan ya ɗauke. An ce mini abin bai wuce minti goma ba.

Da na waiwaya na tarar da abokina kwance a rigingine, hannunsa har yanzu a miƙe wajena. A wuya aka same shi, daidai lokacin da ya ɗago ya jawo ni. Na toshe wurin da hulata, jini na fita ta tsakanin yatsuna. Yana kallona, ba fushi a idonsa, da ma ya yi fushin da ya fi mini. Na yi ta faɗa masa kalmar shahada a kunne, na ga leɓensa yana bi, har ya daina.

Mu muka ɗauko shi a kafaɗa muka dawo. Mu huɗu Musulmi muka yi masa wanka da ruwan jarka, muka naɗe shi da farin gidan sauro tunda ba likkafani, muka sallace shi, muka haƙa masa a bayan wata makarantar da ba kowa. Bayan mun gama saje ya kira ni gefe ya tambaye ni me na ce wa tsohon. Na ce gaishe shi na yi. Ya juya ya tafi, kuma bai kai ni gaba ba. Sauran kuwa ba wanda ya zage ni, sai dai daga ranar in na zauna da kwanona, a hankali wurin zai zama ni kaɗai. Haka na ƙarasa shekara guda.

Da muka dawo gida ba wanda ya tare mu. Lokacin layin mai ya kai inda ya kai, na yini a tasha a Kano kafin in sami motar Ɗanbatta. A cikin motar wani mai babbar riga ya ga jakata, ya ce au, ku ne kuka je yaƙin mutane? Ya ce ga mu nan ko kananzir ba mu da shi, an kwashe ku an kai ku gyaran gidan wasu. Wani kuma ya tambaya wai ashe ba a gama ba. Ni ma ban san abin da na je yi ba.

Na ajiye aikin na koma gona, amma sai wani abu ya same ni. In na hango mutum duƙe yana noma, sai in kasa gaishe shi, in sunkuyar da kai in wuce. Nan da nan gari ya ɗauka, wasu su ce soja ya yi girman kai, wasu su ce yaƙi ya taɓa shi. Mutane suka rage zuwa inda nake, ni ma na daina zuwa majalisa. Ga kayan abokina a ƙasan akwatina, carbinsa da agogonsa da ɗan rediyonsa. Na san an aika wa iyayensa takarda, na kuma san takarda ba ta faɗin yadda aka yi. Daga ƙauyenmu zuwa nasu tafiyar keke ce ta rabin yini, amma damina guda cur na yi ina cewa gobe.

Sai bayan an gama yankan gero na ɗaure kayan a bayan keke na tafi. Na sami mahaifinsa a zaure yana tufkar igiyar rama, tsoho siriri mai ƙaramar murya irin ta ɗansa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi ko ni wane ne, na yi masa ta'aziyya, na ajiye kayan a gabansa. Ya taɓa carbin, bai ɗauka ba.

"An yi masa wanka?"

"An yi, Baba. Da hannuna."

"An sallace shi? An fuskantar da shi gabas?"

Na ce an yi duka. Ya ce alhamdu lillahi, abin da ya hana shi barci ke nan. Ya aika cikin gida aka kawo mini fura. Da zan tashi a nan in tafi, da ya sa mini albarka har ƙarshen ransa, kuma wallahi na so in yi hakan. Amma ban tashi ba. Na ajiye ludayin na ce, Baba, akwai sauran magana. Na faɗa masa duka, gonar da tsohon da gaisuwar, da yadda ɗansa ya jawo ni ƙasa. Na ce ni na kashe shi, ko da ba ni na harba ba.

Ya ci gaba da tufkarsa. Can ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Gaisuwa kuma ba laifi ba ce, haka muka koya muku. Wanda ya kai ku inda take kisa, shi zai amsa a gaban Allah. Uwarsa dai kada ta ji wannan." Sannan ya ɗago ya dube ni. "Shi tsohon da ka gaisar fa?"

 Na gan shi lokacin da za mu bar wurin, kwance tsakanin kunyoyinsa, kuma ban san harsashin wa ya same shi ba, mai yiwuwa ma nawa ne. Muka tsallake shi da gawarmu a kafaɗa. Shekara biyu ina kuka a kan mutum ɗaya, ban taɓa sa shi a cikin waɗanda suka mutu ranar ba.

"Shi ma ya rasu, Baba."

"An binne shi?"

"A'a."

A nan ne ya ajiye igiyar. Bai yi hawaye a kan ɗansa a gabana ba, amma yanzu sai na ga idonsa ya cika. Ya ce, "Nawa ya sami mutum huɗu. Shi wannan bawan Allah, ya fita gonarsa, ya amsa gaisuwar baƙo, ko mai rufe masa ido bai samu ba."

Na je Bagwai ne in sauke gawa ɗaya, na dawo da biyu. Mahaifin abokina ya rasu tuntuni, mahaifiyar ma ta bi shi ba ta taɓa ji ba, shi ya sa yau na iya rubutawa. Abin da na koya a zauren nan shi ne, mugun abin da yaƙi ya yi mini ba tsoro ba ne, ba kuma kaɗaici ba. Koya mini ya yi in ga mamacin ɓangarena kaɗai a matsayin mutum, har na iya tsallake wanda na kira Baba da bakina ban ji komai ba. Manomin da bai taɓa riƙe bindiga ba, wanda aka kashe wa ɗa, shi ya tuna mini cewa mutum biyu ne suka mutu a gonar nan, kuma ɗaya har yau ba wanda ya je wa iyalinsa ta'aziyya.