Sawun Gauraka a Zanen Gado

Ina aji biyar na sakandare a Birnin Kudu malamarmu ta aikin hannu ta ce kowace ɗaliba ta dawo daga hutu da ɗinki a kan namun dajin da ke ƙarewa. Ni ba mai magana ba ce a aji, amma in dai allura ce na yarda da kaina, domin a hannun kakata na koya, a garin Sara, inda nake yin kowane hutu.

Na sayi farin yadi da zare, na kwafo barewa daga littafi da fensir. Kaka ta ɗaga yadin ta duba, ta ajiye.

"'Yar boko, a ɗakin nan ba a ɗinka abu mai rai. Duk zannuwan gadon da na yi, kin taɓa ganin ido a jikinsu? Fure ne da ganye, sai tauraro."

Kwana biyu ina juya abin a raina, sai wata safiya na ga inda kaji suka bi ta kan rairayin tsakar gida. Na ce, "Kaka, sawu fa?"

Ta yi dariya. "Sawu ai ƙasa ce. Ɗinka abinki."

Sai dai littattafaina babu sawu ko ɗaya. Wanda ya san su shi ne Kawu, ƙanin mahaifiyata, maharbi tun yana saurayi. Ina jin nauyinsa ƙwarai, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. A makon ne kuma wani mai sayen tsuntsaye ya zo wurinsa. Gauraka biyu suka rage a fadamar bayan gari, mace da namiji, yana so a kamo masa su da rai ya kai gidan wani mai hali. Na ji Kawu ya ce masa ya dawo ranar kasuwa.

Na cika faranti da rairayi na kai wa Kawu gindin tsamiya, inda yake gyaran tarko.

"Yau kuma ƙasa za a ci?" in ji shi.

Na yi masa bayani kaina a sunkuye. Ya ajiye tarkon, ya shafe rairayin da tafin hannu, ya fara dannawa da yatsa. Na barewa kamar ƙwallon dabino biyu a jere. Na kura, ƙafar gaba ta fi ta baya girma. Ina kwafa a takarda, ina aunawa da rula.

"Har da awo? Kura ai ba ta san inci ba."

Duk sawun da ya zana sai in tambaye shi yaushe rabonsa da ganin mai sawun a daji. Barewa, ya ce tun yana bin mahaifinsu da gorar ruwa. Gada, tun kafin gonaki su cinye kurmin gabas. Zomo da bushiya kam suna nan. A nan na yanke shawara: wanda ya ɓace baƙin zare, wanda ya rage kore.

Kwana shida ina ɗinki daga hantsi zuwa la'asar. Baƙi ya cinye yadin, har Kaka ta ce, "Wannan zanen gado ne ko kayan takaba?"

Ana gobe kasuwa saura sawun gauraka kaɗai, na zana shi a tsakiya ban ɗinka ba. Na zura zare a allura biyu, ɗaya baƙi ɗaya kore, na je na shimfiɗa yadin a gaban Kawu. Ya bi sawayen da yatsa yana kiran sunayensu, bai kuskure ko ɗaya ba. Da ya zo tsakiya na miƙa masa alluran.

"Kawu, wanne zan sa?"

Ya dube ni, ya dubi yadin. "Ashe shiru-shirun nan naki tarko ne."

"Ba na son in warware ne daga baya," na ce. "In aka warware, yadi ba ya ɓoye ramin allura."

Sai ya ɗauki allura mai koren zaren ya soka a gefen yadin, ya koma kan aikinsa.

Washegari mai sayen tsuntsayen ya dawo, ina bayan zaure ina ɗinki ina jin su. Kawu ya ce ya fasa. Mutumin ya ce in bai kamo ba wani zai kamo.

"Wanin ya fara biyowa ta nan tukuna," in ji Kawu. "Duk mai kafa tarko a fadamar nan a hannuna ya koya."

Da mutumin ya tafi, Kawu ya shigo ya tsaya a kaina yana kallon koren zaren.

"Kin bar ɗan yatsan baya. Ƙara shi, kada a je Birnin Kudu a ce ban san sawun gauraka ba."

Na ƙara. Har ranar da na hau motar komawa makaranta, ana jin kukan gaurakan nan biyu daga fadama da sassafe.