Ƙafafun Kaka Idris

Gidan su Fawaz sun fasa auren Jawahir, 'yar yayana Na'ibi, wai kakanmu kuturu ne. An sa rana, an kama gida a unguwar Mahjar, nan Jidda, sai gwaggon yaron, Hajiya Mastura, ta tuna cewa tana ƙarama ta taɓa ganin wani tsoho yana alwala a Balad, cikin tsohon gari, ƙafafunsa ba yatsu. Ta bincika, aka ce ai Idris ne, kakan uban amarya. Halas, magana ta ƙare.

Ƙafafun dai haka suke, ban musa ba. Ni ma na gan su. Sai dai akwai mutum ɗaya a garin nan da ya ƙarar da rayuwarsa yana bin labarinsu, kuma ba wanda ya tambaye shi.

Na'ibi mai gyaran famfo ne. Tun yana yaro shi ke shafa wa Kaka man zaitun a dunduniya, mu kuwa mu gudu. Kaka yakan ce da ƙafa ya zo Hajji yana saurayi, ya tsaya yin dako a Jidda, sai aka yi wa garin ƙawanya, yau wajen shekara ɗari. Sojojin Sharifin Makka a ciki, mayaƙan Najdu a waje. Shi ba soja ba ne. Shebur aka miƙa masa, aka ce ya haƙa rami a bayan ganuwa inda sojoji za su ɓuya su yi harbi. Ya ce ruwan gishiri ne ya yi ta tsattsafowa daga ƙasa, a ciki suke wuni, a ciki suke kwana, har yatsun suka yi baƙi aka yanke.

Mu mun ɗauka hirar tsufa ce. Na'ibi bai ɗauka haka ba. Duk inda aka kira shi aiki kudancin gari, in ya haƙa ya tarar da ruwa sai ya ɗanɗana. Masu gida su yi ta kallonsa. Da waya mai intanet ta zo, abin ya ƙaru. Ya gano cewa a yaƙin duniya na farko Jamusawa da Faransawa da Ingilishi sun yi shekara da shekaru a ramuka suna fuskantar juna, kuma ƙafafun sojoji da yawa sun ruɓe saboda jiƙa. Ya zo gidana da hotunan ina tsakar cin abinci.

"Dela, duba nan. Ba irin ta Kaka ba ce?"

"Yaya, don Allah! Tuwo nake ci."

"Duba dai. Bature ne fa. Shi ma kuturu ne?"

Na duba. Wallahi kamar an ɗauki ƙafar Kaka an shafa mata farar ƙasa. Daga nan ni ma na shiga tambaya. Me ya sa ba sa fitowa su shanya ƙafar? Ya ce ka ɗaga kai a fasa shi. Me ya sa ramin yake lanƙwashe-lanƙwashe? Ya ce in miƙaƙƙe ne, mutum ɗaya da bindiga ya gama da kowa. Abin da ya kasa amsa mini shi ne, can sanyi ake yi, nan kuwa zafi. Ruwan ɗumi ma yana cin ƙafa?

Wannan tambayar tawa ce ta kai shi Khumra, can kudancin gari. Ya haƙa rami bayan wurin aikin wani abokinsa, ruwa ya fito, ya shiga da takalmi ya tsaya. Sai da matarsa Juwairiyya ta ɗauki tasi ta je.

"Yalla, fito, jarumin yaƙi! Abokan gaban sun tafi cin abinci."

"Saura kaɗan, Hajiya."

"Saura kaɗan me? Ka gaji kakanka?"

Ya fito da tafin ƙafa fari fat, a tattare, yana ɗingishi yana murna. Mako guda bai sa takalmi ba. Shin wannan hujja ce? Ban sani ba, ni sakandare na tsaya. Abin da na sani, Kaka ya haifi takwas, mun ci a kwano ɗaya da shi, kuma ba wanda ya rasa ko farce.

Tun da aka fasa auren Na'ibi bai ƙara maganar rami ba. Jawahir ta ce masa da ya bar tsohon ya kwanta, da tuni mutane sun manta, shi kuwa ya yarda laifinsa ne. Ba nasa ba ne. Yarinyar tana son yaron, kuma maganar ta riga ta zaga unguwa, ga ƙannenta biyu a bayanta.

Don haka, Hajiya Mastura, da ke da iyayen Fawaz nake. Ku zaɓi likitan da kuka ga dama, mu je mu duka, har ni, a duba mu. In an gama, ki shiga gidajen da kika kai maganar ɗaya bayan ɗaya ki janye ta da bakinki. Kai kuma Fawaz, ka daina turo saƙo ta hannun ƙanwarka. Ka zo da kanka ka zauna gaban Na'ibi, ka gaya masa ko kana nan ko ba ka nan.